Nutso A Tekun Ingila Cikin Hunturu: Shiga Da Sauƙi, Fitowa Ce Aiki

Mun san halin da ake ciki a waɗannan makonni. A tashi da asuba, a tarar bokitin ruwa ya kwana a tsakar gida, a tsoma yatsa a zare da sauri, sannan a wanke fuska da ƙafafu, a shafa mai, a ce an yi wanka. 'Yan makarantar kwana kuwa ba sai mun tona musu asiri ba.

To a daidai lokacin da muke yi wa bokiti kallon abokin gaba, akwai wasu mutane a ƙasar Ingila da ke tashi tun gari bai waye ba, su loda kaya a bayan mota, su yi tafiyar awa biyu ko uku zuwa bakin teku, don kawai su shige ƙarƙashin ruwan da ya fi na bokitinmu sanyi nesa ba kusa ba. Ba albashi ake biyan su ba, ba kuma kifi suke kamawa ba. Sha'awa ce kawai. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ranaku da yawa sukan isa wurin, su tsaya su ƙura wa tekun ido, su sha shayi, su juya gida ko ƙafa ba su jiƙa ba. Kuma a cikinsu, waɗanda suka fi daɗewa a harkar su ne suka fi yawan juyawa. Dalilin wannan juyawar muke so mu bi diddigi a wannan mako.

Irin nutson da muke magana a kai shi ne wanda ake kira sukuba, wato mutum ya goya tukunyar iska a baya, yana numfashi daga cikinta yana yawo a ƙarƙashin ruwa. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su ne suka haɗa na'urar da ta sauƙaƙa wannan a 1943. Bayan shekara 10, a 1953, aka kafa ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, BSAC, wadda har yau take da rassa a garuruwa da jami'o'i. Da bazararsu akan yi hayar kwalekwale mai inji ya kai mutane tsakiyar teku, su faɗa, in sun gama ya kwashe su. Da hunturu kuwa yawancin masu kwalekwalen sun ɗaure kayansu. Wanda ya matsu sai dai ya shiga da ƙafarsa daga tudu, ya kuma fito da ƙafarsa. Babu kuɗin haya, amma babu mai miƙo maka tsani.

Tudun tsakuwa mai tsawon kilomita 29

Akwai wurare da dama da ake irin wannan nutso, amma mun zaɓi guda ɗaya da ya yi suna: gaɓar Chesil da ke gundumar Dorset, a kudancin Ingila. Ku cire hoton farin rairayi daga ranku. Chesil tudu ne na tsakuwa zalla, ya miƙe kilomita 29 daga garin West Bay har zuwa tsibirin Portland. A can farkonsa tsakuwar ƙanana ce kamar ƙwayar wake, tana ƙara girma sannu a hankali, har a ƙarshensa ta Portland ta kai girman dankalin Turawa. Mutanen yankin na cewa masuntan da, in sun sauka cikin duhun dare, tsakuwa ɗaya suke ɗauka su shafa su gane inda suke. A wannan ƙarshe na Portland tudun ya haura mita 10 a tsayi, kuma a nan ne gaɓar ta lanƙwasa ta yi wani lungu da ake kira Chesil Cove, inda masu nutso ke taruwa.

Matsalar wurin ita ce inda ya fuskanta. Yana kallon kudu maso yamma, ta nan ne kuma guguwar tekun Atlantika ke shigowa da hunturu, bayan ta yi gudun dubban kilomita babu dutse babu bishiyar da za ta tare ta. A Nuwamban 1824 teku ya haure tudun cikin dare ya afka wa ƙauyen Chiswell da ke bayansa, ya rushe gidaje, mutum fiye da 20 suka rasu. A farkon 2014 ma sai da aka yi ta busa jiniyar gargaɗi a ƙauyen saboda igiyar ruwa na tsallake katangar da aka gina don kare shi.

Jiragen ruwa da yawa sun ƙare a nan. Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne Royal Adelaide, jirgin ƙarfe mai tafiya da filafilai, wanda ya taso daga Landan zai tafi Sidni ta ƙasar Ostireliya da mutum fiye da 60. Ranar 25 ga Nuwamba, 1872, guguwa ta koro shi ta maka shi da tudun Chesil. Mutanen gari suka harba igiya zuwa jirgin, aka janyo mafi yawan mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kaɗan ruwa ya ci. Sai kuma wani abin takaici ya biyo baya. Cikin kayan jirgin akwai gangunan barasa, teku ya watso su tudu, wasu 'yan kallo suka fasa suka sha har suka kwanta a kan tsakuwa, sanyin dare ya kashe wasu daga cikinsu. Ragowar jirgin na nan har yau a ƙarƙashin ruwa, ba nisa da gaɓa, kuma yana cikin abubuwan da masu nutso ke zuwa gani.

Sanyin da ba irin namu ba

A Kano ko Zariya, ranar da hunturu ya tsananta, sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan tekun Dorset kuwa a watan Fabrairu da Maris yakan tsaya wajen digiri 8. Wani zai ce ai bambancin ba shi da yawa. To wancan iska ce, wannan ruwa ne, kuma ruwa ya fi iska iya zuƙe zafin jiki kusan sau 25. Ku tuna yadda hannu ke yi in an riƙe ledar ruwan da aka ciro daga firji na minti biyu, sannan ku ƙaddara jiki duka ne a ciki.

Wani abin lura ga 'yan ajin kimiyya: teku ba ya yin sanyi tare da gari. Ruwa na daɗewa kafin ya ɗauki zafi, yana kuma daɗewa kafin ya sake shi. Shi ya sa Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa da misalin ƙarfe 4 na yamma a can, ba shi ne watan da ruwan ya fi sanyi ba. Sai wajen ƙarshen hunturu, lokacin da furanni suka fara fitowa a tudu, sannan teku ke kai maƙura.

Masana irin su Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke faruwa da wanda ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba. Mutane na zaton daskarewa ce ke fara kisa. Ba ita ba ce. A daƙiƙun farko jiki kan zabura, mutum ya ja dogon numfashi ba da son ransa ba, sannan ya shiga haki, zuciya na bugawa da ƙarfi. Idan kansa na cikin ruwa lokacin wannan jan numfashi, ruwa zai shaƙa. Zaburar kan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku. Bayan nan sai hannuwa da ƙafafu su fara mutuwa, gwanin iyo ma ya kasa kaɗa su. Saukar zafin jiki daga digiri 37 zuwa ƙasa da 35, wanda likitoci ke tsoro, sai daga baya take zuwa. Wannan ne ya sa ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya, RNLI, ke koya wa jama'a cewa wanda ya faɗa ruwa ba shiri kada ya fara kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, kunnuwa cikin ruwa, fuska sama, har numfashinsa ya daidaita. Ruwan madatsunmu irin su Tiga bai kai wancan sanyi ba, amma firgita iri ɗaya ce a ko'ina, kuma wannan dabara tana aiki a kududdufin bayan gari kamar yadda take aiki a teku.

Rigar da ruwa ba ya shiga

Mai nutson hunturu ba ya yarda ruwa ya taɓa jikinsa. A ƙasashe masu ɗumi ana sa rigar roba mai kama jiki wadda ruwa kaɗan ke shiga, jiki ya ɗumama shi. A digiri 8 wannan ba ta wadatar da yawancin mutane. Sai a sa wata riga mai haɗe da wando da takalmi, wadda ke da roba mai matse wuya da wuyan hannu, da zif na musamman da ko ɗigo ba ya wucewa. A cikinta mutum na sanye da kayan sanyi masu kauri, busasshe kamar yana ɗakinsa. Kai da tafin hannu ne kawai ke jiƙewa, su ma akwai hular roba da safar hannu masu kauri. Leɓe da kumatu dai babu abin da ke rufe su. Masu nutso na cewa minti na farko ji ake kamar an mari mutum da ƙanƙara, daga nan fuskar ta mutu, a huta.

Amma rigar na zuwa da nata rigimar. Tunda akwai iska a cikinta, tana hana mutum nutsewa, don haka dole ya ɗaura dalma a ƙugu, sau da yawa kilo 10 ko fiye. Idan ya fara yin ƙasa, nauyin ruwa zai matse iskar, rigar ta tsuke shi har ta bar masa shaida a fata, sai ya danna wani maɓalli a ƙirji ya ƙara mata iska daga tukunya. Idan zai hau, iskar nan za ta kumbura, sai ya fitar da ita ta wata ƙofa a kafaɗa. Wanda ya yi sakaci ƙafafunsa suka fi kansa tsayi, iskar duka za ta gudu can, ya tashi sama ƙafa a gaba kamar an ja shi da igiya. Saboda haka ne ake koyon rigar a tafkin wanka kafin a je teku.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Sanyi na sa jijiyoyin jini na fata su tsuke, jini ya taru a tsakiyar jiki, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa, sai fitsari ya matso. Ga mutum a cikin rigar da ke buƙatar wani ya zuge masa zif ta baya. Mun bar muku sauran.

In aka haɗa tukunya, da dalma, da riga, da rigar hura iska da ke riƙe tukunyar, da tocila, da takalmin iyo mai kama da ƙafar agwagwa, kayan kan kai kilo 35 zuwa 40. Buhun siminti kilo 50 ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ɗan lissafi

Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin zalla ba ne, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Iskar da muke shaƙa ce, wadda kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kashi 78 naitrojin, aka tace ta aka danna ta ciki da inji. Tukunyar da aka fi amfani da ita a Birtaniya mai lita 12 ce, ana cika ta har matsinta ya ninka na iskar duniya sau 232. Ku ninka: 12 sau 232 ya ba da lita 2,784. Ba a yarda a shanye duka ba, ana barin 50 daga cikin 232 saboda ko-ta-kwana, saura lita 2,184.

Mutumin da ke motsi a hankali kan shaƙi wajen lita 20 a minti a tudu. To amma kowace mita 10 da aka nutsa, ruwa na ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda. A mita 10 matsin ya zama biyu, don haka kowane numfashi na cin ninki biyu: lita 40 a minti. Ku raba 2,184 da 40, za ku samu minti 54 da 'yan kai. Wannan ita ce dokar Boyle ta 1662 da ake ba ku a aji, ga ta tana ƙidaya wa mutum mintocin rayuwarsa. Yanzu ku sa sanyi a lissafin. Mai rawar ɗari da ke fama da ruwa mai tunkuɗa zai iya shaƙar lita 30 maimakon 20, wato 60 a mita 10. Minti nawa ya rage masa? Ku lissafa ku nuna wa malamin fizis.

Dokar nan ce kuma ta sa darasin farko na sukuba shi ne kada a taɓa riƙe numfashi. Iskar da aka shaƙa a mita 10 za ta ninka girma kafin a iso sama, huhu kuwa ba balan-balan ba ne. Ita ce kuma ta sa muke roƙon masu ƙirƙire-ƙirƙire a cikinku kada wani ya ɗauki tiyon ban ruwa ya ce zai gwada a rafi. A zurfin mita ɗaya kacal ƙirji ba ya iya jawo iskar sama ta cikin tiyo, nauyin ruwa ya fi ƙarfinsa.

Na'urar da ke rage ƙarfin iskar tukunya ta miƙa wa baki daidai shaƙa, regileta ake ce mata, 'yar uwar ta tukunyar gas ɗin girki. Iskar da aka matse in ta saku tana yin sanyi. A ruwa mai tsananin sanyi wannan kan sa ƙanƙara ta kama cikin regileta, ƙofarta ta maƙale a buɗe, iska ta yi ta tuttuɗowa har tukunya ta ƙare cikin 'yan mintoci. Don haka akwai regiletar da aka ƙera musamman don ruwan da bai kai digiri 10 ba, kuma kowa na ɗauke da bakin shaƙa na biyu saboda abokinsa. Ba a nutso mutum ɗaya.

Karatun sama kafin karatun ruwa

Shirin nutson Asabar tun Laraba yake farawa, da sauraron hasashen yanayi. Gidan rediyon BBC na karanta hasashe na musamman don masu shiga teku, inda aka kasa ruwan da ke kewaye da Birtaniya gida 31, ɗaya daga ciki sunansa Portland. Asalin abin ya samo tushe ne daga guguwar Oktoban 1859 da ta farfasa jirgin Royal Charter, mutum fiye da 400 suka halaka, abin da ya sa Robert FitzRoy ya fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861. Ana faɗin ƙarfin iska ne da ma'aunin Beaufort, daga 0, wato tsit, zuwa 12. Mataki na 8 shi ne guguwa sosai, mai gudun sama da kilomita 60 a awa.

Sai dai ga mai nutso daga tudu, inda iska ta fito ya fi ƙarfinta muhimmanci. A Chesil, iska mai ƙarfi daga gabas ba ta da damuwa sosai, domin tudun da tsibirin Portland sun tare ta, lungun ya kwanta lumui. Amma in daga kudu maso yamma take, ko da mataki na 3 ko 4 ce, masu nutso da yawa ba sa ma tayar da mota.

Akwai kuma tarkon da ke kama sababbi. Gari ya waye fes, babu iska, rana ta fito, amma teku na ta kumbura yana sacewa kamar ƙirjin mai barci. Wannan saƙon wata guguwa ce da ta auku kwana biyu da suka wuce a can tsakiyar Atlantika. Irin waɗannan igiyoyin ruwa a nesa ba su da tsayi, sai sun iso gaɓa suke miƙewa. Kuma ba bi da bi suke zuwa daidai wa daida ba: ƙanana su zo da yawa, mutum ya saki jiki, sai manya uku ko huɗu su biyo baya a jere. Shi ya sa tsofaffin hannu ke tsayawa a kan tudu minti 15 ko 20 ba su taɓa kaya ba, suna ƙirgawa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Tambayar da suke yi wa kansu ba ta shiga ba ce. Ita ce: nan da minti 40, in iska ta juya, ruwa ya ciko, jikina ya yi sanyi, zan iya fitowa ta nan?

Me ake gani a ƙasa?

Ranar da komai ya daidaita, ladan na da yawa. Da bazara ƙananan halittun da ido ba ya gani kan cika ruwan su mai da shi kore kamar miyar kuka. Da hunturu sun ragu, don haka in aka samu kwanaki a jere babu guguwa, ruwan kan yi garau fiye da kowane lokaci. Ga ƙaguwa masu dogayen ƙafafu, ga wani kifi mai suna konga da ya yi kama da gaiwa amma yakan kai mita 2, yana leƙowa daga ramin ƙarfen tsohon jirgi. Wajen ƙarshen hunturu wani kifi mai ƙumburarren jiki kan matso gaɓa, macen ta zuba ƙwai a jikin dutse ta tafi abinta, namijin ya zauna gadi makonni. Guguwa kuma kan kwashe tsakuwa ta tono sassan jiragen da suka daɗe a binne, wata guguwar ta zo ta sake rufe su. Wasu masu nutson na rubuta halittun da suka gani su aika wa shirin Seasearch, wanda ke tattara bayanan don masana.

Ranar da ba a yi dace ba kuwa, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ruwa na kai shi gaba mita biyu ya dawo da shi mita biyu, yana jin ƙarar tsakuwa na gungurawa ta ko'ina, kamfas ne kawai ke gaya masa ina tudu yake. A ƙarƙashin ruwa ba a magana sai da hannu. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe na nufin lafiya lau. Ɗaga babban yatsa sama, wanda mu muke yi don yabo, a can yana nufin an gama, mu hau. Ƙa'idarsu ita ce kowa na da ikon ɗaga wannan yatsa a kowane lokaci, ko ɗan koyo ne, kuma ba a tambayarsa dalili sai an fito. Mu dai a ganinmu, a duk kayan da muka lissafa babu wanda ya kai wannan ƙa'ida daraja, domin ta cire kunya daga cikin lissafi. Da yawan yaran da ruwa ke ci a wurarenmu, ba rashin jin tsoro ne ya kai su ba, gudun dariyar abokai ne.

Mita goman ƙarshe

Yanzu mu dawo kan buhun siminti. Mai nutso ya yi minti 40 a ruwa mai digiri 8. Yatsunsa sun ƙage, ba ya iya ɓalle maɓalli. Tunaninsa ya yi nauyi, iskarsa ta yi ƙasa. A cikin ruwa kayansa ba su da nauyi, amma da zarar ya ɗago, kilo 40 ɗin nan za su dawo kafaɗarsa gaba ɗaya. Gabansa kuma gangaren tsakuwa ne mai tsayi, wanda in ka taka ɗaya sai ka zame rabi.

A Chesil gaɓar ba ta gangara a hankali, zurfi na farawa nan take. Don haka igiyar ruwa ba ta karyewa daga nesa ta iso a gajiye. Takan taso ta tsaya kamar bango, ta rufto a wuri ɗaya, sannan ta koma da ƙarfi tana jan tsakuwa da duk abin da ke kanta. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne, buhun siminti 20 ke nan. Igiyar da ta kai ƙugu kawai ta isa ta kayar da ƙato.

Saboda haka ba a fitowa da taƙama. Abin da ake koyarwa shi ne mutum ya tsaya bayan inda igiyoyin ke karyewa, ya jira manyan su wuce, sannan ya biyo bayan ƙarama. Gilashin fuska na fuska, abin shaƙa na baki, ba a cire ko ɗaya. Da ya taɓa ƙasa sai rarrafe, hannu da gwiwa kamar jariri. In ruwa ya turo shi ya ci gaba, in ya fara janyewa ya kafa hannuwa cikin tsakuwa ya lafe. Ba ya miƙewa sai ya wuce inda ruwa ke kaiwa. Wanda ya miƙe da wuri ya cire abin shaƙa don ya yi magana, shi ne igiya ta gaba ke kifarwa ta birkita shi, ga dalma a ƙugu, ga baki a buɗe, a ruwan da bai kai ƙirji ba. Hausawa sun ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Ƙungiyoyi masu tsari kan bar mutum ɗaya a tudu da igiya da waya, wanda aikinsa shi ne ya ja na jawowa, in abu ya faskara ya kira 999 ya nemi masu gadin teku.

Ko an fito ba a gama ba. Naitrojin da jiki ya sha a ƙasa na buƙatar lokaci ya fita a hankali. In ya fita da gaggawa sai ya yi kumfa a jini, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ya kawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Sanyi da aikin ƙarfi bayan nutso na ƙara wannan haɗari, ga shi kuwa dole a hau tudu da kaya. Maganinsa sai an sa mutum a wani ɗaki na ƙarfe an mayar masa da matsi, irin wanda cibiyar DDRC ke da shi a birnin Plymouth. Shi ya sa ake hawa tudun a hankali, wasu ma sai sun yi sawu biyu. Zafin jiki kuma kan ci gaba da sauka na ɗan lokaci bayan an fito, don haka rawar ɗari ta gaske a wurin ajiye motoci ake yin ta, ana canza kaya a bayan mota iska na kaɗawa. Hula, busassun kaya, shayi mai zafi daga filas. Wanka da ruwan zafi sai an jima.

Ranar da aka tsaya a kan tudu aka ga abin ba na yi ba ne fa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu kan zagaya ɗaya gefen, wajen tashar jiragen ruwa ta Portland, inda katangun dutse suka tare igiyar ruwa. Wasu su kama hanyar Vobster a gundumar Somerset, wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, wanda ya fi teku sanyi amma ba ya motsi. Wasu kuwa ko zif ba sa zugewa. Su zauna a kan katanga da kofin shayi a hannu, suna kallon teku na ɗaga tsakuwa yana zubarwa da ƙara kamar tifa na sauke kaya. Kowane mai nutso na da ɗan littafin da yake rubuta zurfi da mintocin kowace shiga. Ranar babu abin rubutawa. Kafin su tayar da mota sai wani ya ciro waya ya duba hasashen Asabar mai zuwa, ko iska za ta juyo daga gabas.